Wanda Ya San Aibin Ango, Ya Faɗa Ko Ya Yi Shiru?



Kowa ya san yadda gida ya kan zama idan an sa rana, saura mako uku ko huɗu a ɗaura aure. Uwar amarya ba ta da sukuni, da safe tana Babbar Kasuwar Kumasi wurin masu kwanoni, da la'asar tana wurin tela. An kawo lefe an buɗe, gwaggonni sun ƙirga turamen atamfa sun sake ƙirgawa. An fitar da yayi, ƙawaye sun saya sun kai ɗinki. An yi wa alwanka magana, an sayi lalle, an yi cinikin goro, an aika wa dangi na Ankara da Tamale da Yendi. Uwar ta kwashi adashinta na shekara ta zuba a ciki, uban kuwa ya ci bashin da ba ya so a sani.

To, ana cikin wannan hidima ne wani mutum ya ke zaune da magana a cikinsa. Ya san angon nan mashayi ne, ko ya san duka ne ya kori matarsa ta fari, ko ya san yana da mata da 'ya'ya a Jamus bai faɗa wa kowa ba. Abin da na ke so mu duba shi ne, mutumin nan ya faɗa, ko ya kama bakinsa?

Yawancinmu shiru mu kan yi, kuma masu shirun ba su rasa hujja ba. Suna cewa giba haramun ce, Alƙur'ani ya kwatanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Suna cewa an umurce mu da rufa asirin Musulmi. Waɗannan duka gaskiya ne. Akwai kuma hujjar da ba a faɗa a fili, watau tsoro. Zongo wuri ne ƙarami, famfonmu ɗaya, masallacinmu ɗaya, wanda aka kira shi mai ɓata aure sunan ya bi shi ke nan har kabari. Ga shi kuwa aski ya zo gaban goshi. Sai mutum ya ce wa ransa, da tun farko ne da na faɗa, amma yanzu an yi ɗawainiya da yawa.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta fi ƙarfi a zukatanmu, ita ce kuma ta fi rauni in an auna ta. Kuɗin da aka kashe bai canja halin angon ba ko kaɗan. Mashayin da ya ke kafin a kai lefe shi ne bayan an kai. Atamfa in an fasa biki sai a sa ta da Salla, goro a sayar, kwanoni a ajiye wa ƙanwa. Amma yarinyar da ta dawo bayan shekara uku da goyo, da ciki, da haƙorin da aka fasa mata, wa zai mayar mata da abin da ta rasa? Kunyar fasa biki ta wata biyu ce, mutane su yi surutu su gaji. Mu kuwa sai mu guje wa kunyar wata biyu, mu bar 'yar mutane da wahalar shekaru, don kunyar tamu ce, wahalar kuwa tata ce.

Game da giba, malamai sun daɗe da warware wannan. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Faɗimatu bintu Ƙaisin, wadda ta gama idda, mutum biyu suka nemi aurenta, Mu'awiya ɗan Abu Sufyan da Abu Jahmin. Ta kai maganar wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai ce mata dukansu mutanen kirki ne ya sallame ta ba. Ya bayyana mata cewa ɗaya matalauci ne, ɗayan kuma ba ya rabuwa da sanda, abin da malamai da yawa suka fassara da dukan mata. Sa'an nan ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu, ta aure shi, ta ga alheri. Mutanen nan biyu fa sahabbai ne, ba sa wurin, an kuwa faɗi aibinsu. Saboda haka Imamu Nawawi, wanda ya rasu shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafta shawarar aure cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ya ce wanda aka yi shawara da shi bai kamata ya ɓoye ba.

Wani zai ce, ai ita Faɗimatu tambaya ta yi, ni kuwa ba wanda ya tambaye ni. Ni dai a ganina wannan ba mafita ba ce. In ka ga makaho ya nufi rijiya ba ka jira sai ya tambaye ka hanya.

Amma fa kada matasa su ɗauki wannan magana su mai da ita wuƙa. A cikin Muwaɗɗa ɗin nan dai akwai wani labari. Wani mutum aka nemi auren 'yar'uwarsa, sai ya gaya wa mai neman cewa ta taɓa yin kuskure a baya. Da labari ya kai ga Sayyidina Umar, ya buge shi, ko ya yi kusa ya buge shi, don me zai tono wannan. In ka haɗa labarin nan da na Faɗimatu sai ka ga iyaka. Akwai aibin da ya wuce, mai shi ya tuba ya bar shi, wannan a binne shi, wanda ya tono shi a makon biki ya yi zalunci. Akwai kuma aibin da zai bi amarya ya shiga ɗaki tare da ita, irin su shaye-shaye da bai bari ba, da saurin hannu, da ciwon da a ke ɗauka, da matar da aka ɓoye. Ƙara aure halal ne, ba mai musun wannan. Amma dokar Jamus da ta Amurka ba su yarda da mace ta biyu ba, saboda haka wanda ya yi wa yarinya alkawarin zai ɗauke ta alhali yana da mata a can, ya san gidan uwarsa zai bar ta tana jiran takardar da ba za ta zo ba. Ita da ubanta suna da hakkin su sani tun kafin a shafa fatiha.

Kuma sai abin da ka sani da kanka, ba wanda ka ji a bakin famfo ba. Ka bincika zuciyarka, in kai ma ka taɓa neman yarinyar aka hana ka, to, shaidarka tana da ƙura, ka nemi dattijo ya bincika. Maganar kuwa wurin waliyyi za a kai ta, a keɓe, gwargwadon bukata, ba a majalisar shayi ba.

A da, a zongo, wannan aikin maigida ne. Baƙo ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, Bahaushe ko Bazabarme ko Bamoshe, ya sauka gidan maigida, in ya tashi aure maigidan ne ubansa, shi a ke tambaya, shi ne kuma zai ji kunya in abin ya ɓaci. Yau ango ya kan sauko daga jirgi da hutun wata guda, a yi gaisuwa da lefe da ɗaurin aure duk a cikinsa, ba mai tsaya masa sai kayan da ya zo da su. Bincike ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Nauyin nan ya fi hawa kan iyaye, na ango da na amarya duka. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ambaci hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura cikin abubuwan da a ke mayar da aure saboda su in an ɓoye. Wanda ya rufe irin wannan don biki ya wuce lafiya, rigimar kawai ya jinkirta.

Akwai kuma wanda magabata ba su da hanyar ganinsa, mu muna da ita, watau amosanin jini, wanda a ke kira sikila, Asantawa su ce ahotutuo. In namiji da mace duka jininsu AS ne, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne yaron ya zo da SS. In ɗaya AS ne ɗaya AC, haka nan ɗaya cikin huɗu ya zo da SC, irin C kuwa yana da yawa a ƙasar nan. Tun 1995 aka fara gwada jarirai a nan Kumasi. Wurin gwajin manya kafin lefe ne, amma mu kan bar shi sai an buga katin gayyata, sa'an nan in takarda ta fito ba yadda a ke so ba, uwa ta sa ta ƙarƙashin katifa. Ban ce auren ya haramta ba. Yaron da yarinyar su ne za su kwana a asibiti da ɗan in ya zo, saboda haka a zaunar da su biyu, a kira wanda ya san aikin likita ya karanta musu takardar, ko da saura kwana uku a sa lalle.