Wa ya ƙwace mutuncin karuwa?

Ya ƴan'uwa Musulmi, wata mace daga gidan magajiya ta tare ni bayan la'asar, fuskarta a rufe, ta ce: "Allah gafarta malam, irina ma ana karɓar addu'arta?" Zina haramun ce, babu jayayya. Amma tambayar ta hana ni barci, domin wadda ta raina kanta ba ta neman ƙofar tuba.

Wa ya gaya mata ita ba kowa ba ce? Ba addini ba. Aya ta 33 cikin Suratun Nur ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ubayyu, mai tilasta wa kuyanginsa karuwanci. Shi aka tsawata wa, su aka yi musu bushara da gafara. Bukhari da Muslim sun ruwaito an gafarta wa wata karuwa don ta shayar da kare mai ƙishirwa.

Mu muka gaya mata. A Maraɗi, cikin Nuwamba 2000, an ƙona ɗakunan irin waɗannan mata. Wanda yake miƙa musu jikka da dare kuwa yana sahun gaba da asuba.

Na ce ta zo ɗaukar karatu wurin iyalina. Har yau ba ta zo ba.