Ciwon da Ba Ya Fitowa a Hoto



Ina da yaya a nan Sabo da ta shekara shida tana fama da ciwon jiki. Ba irin wanda za ta nuna maka da yatsa ba ne. Yau wuya da kafaɗa, gobe ƙugu da cinyoyi, jibi duk jikin kamar an lakaɗa mata duka. Ta kwana tana barci, ta tashi a gajiye kamar wadda ta kwana daka. An auna jini, an ɗauki hoto, an yi gwajin maleriya da taifot ba adadi, kullum sai a ce lafiyarta ƙalau. Daga ranar da takardar asibiti ta ce ba komai, mu 'yan gida muka fara yi mata wani irin kallo. Wannan ya ce son jiki ne. Waccan ta ce ai tun da aka yi mata kishiya ciwon ya tsiro. Wasu suka ce iska ce ko sammu, aka kai ta gida Arewa, aka kashe kuɗi, aka dawo. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na taɓa ce mata, "Yaya, ki daure mana, kowa fa da gajiyarsa yake yawo."

Sai daga baya wani likitan gaɓoɓi ya gaya mana sunan abin: faibromayaljiya. Ciwo ne da ke yaɗuwa a sassan jiki ya wuce wata 3 bai tafi ba, tare da kasala, da barcin da ba ya hutar da mutum, da yawan mantuwa. Ya fi kama mata, amma maza ma suna yi. Ba ya fitowa a jini ko a hoto, domin ba ƙashi ne ya karye ba, ba kuma gaɓa ce ta kumbura ba. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi fiye da kima, kamar lasifikar masallaci idan aka ƙure ta, ko numfashin ladan sai an ji shi a bakin titi. Tun 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gane shi, ta sake gyara ta a 2010. Ke nan Yaya ba ƙirƙirar abin ta yi ba.

To amma ba sunan ciwon ne ya hana ni barci ba. Tambayar ita ce: idan mutum ya ce yana jin zafi, kuma ba shi da shaida sai bakinsa, mene ne haƙƙinsa a kanmu?

Mu 'yan kasuwa ne. A kan kalmar baki muke ba mutum huhun goro ko motar albasa bashi. Dillali ya tsaya wa baƙo a cinikin shanu na miliyoyi, ba takarda, ba sa hannu. Da wannan amanar iyayenmu suka zauna a ƙasar Yarabawa har suka haife mu. Amma 'yar'uwarka ta gaya maka abin da take ji a cikin jikinta, ka ce sai ka ga sakamakon gwaji. Ni dai na duba, ban ga adalci a nan ba.

Wani zai ce ai akwai masu fakewa da ciwo don gudun aiki. Akwai, ban musa ba. Sai dai a auna asarar biyu. In ka yarda da maƙaryaci, ka yi asarar aikin yini, ko wani ya ɗauke masa wanki da girki. In ka ƙaryata mai gaskiya fa? Yaya daina faɗa ta yi. Ta koma aiken yara kemis a ɓoye, a haɗo mata diclofenac da tramadol, har cikinta ya fara ciwo da gaske. Irin su diclofenac ba sa yi wa wannan ciwon wani abin kirki, kuma yawan shan su na taɓa ciki da ƙoda. Tramadol kuwa kowa a unguwar nan ya san inda ya kai wasu samarinmu. Mu muka tura ta can, da bakinmu.

Muna kuma yawan haɗa haƙuri da shiru, alhali ba ɗaya ba ne. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da shi ake buga misalin haƙuri, kuma ya kai kukansa ga Ubangijinsa, ya ambaci cutar da ta same shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda tsayuwa ta gagare shi ya yi salla a zaune, kuma ban taɓa jin an ce sai ya kawo takardar likita ba. An bar masa ya auna da kansa, tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Yarda da mai ciwo ba tana nufin a kwantar da shi a ɗaki ba. Zaman wuri ɗaya ƙara sandarar da jiki yake yi. Abin da likitoci suka fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki a hankali, kamar tafiyar ƙasa kaɗan kullum ana ƙarawa sannu sannu, da gyara lokacin barci, da raba aiki kada a haɗa shi rana ɗaya. Akwai magunguna irin su amitriptyline da ke taimakon wasu, amma likita ne zai rubuta, ba maƙwabciya ba. Kuma ciwon mai hawa da sauka ne. Don ka gan ta ranar Asabar a gidan suna tana dariya, ba hujja ba ce cewa ranar Litinin ƙarya take yi. Sau da yawa ma bashin Asabar ɗin ne jikin ke karɓa.

Yanzu bayan sallar asuba takan zagaya layinmu da 'yarta, minti 15, in jikin ya yarda. Ta rage sana'ar abincin zuwa kwana huɗu a mako. Ciwon bai tafi ba. Shekaranjiya na leƙa, na ce, "Yaya, yau ina ne?" Ta ɗan dube ni, kamar tana auna ko da gaske nake tambaya, sannan ta ce, "Zauna in gaya maka."