Mataccen Harshe A Gonar Tumatir

Idan aka ce a koya wa yaran Kumbotso Latin, da yawanmu dariya za mu yi. Harshen Rumawan dauri, wanda babu uwar da ke yi wa ɗanta rarrashi da shi a yau, ina ruwan ɗan manomi da shi? Tambayar tana da nauyi, amma kada mu yi saurin yanke hukunci.

A shekarar 2016 wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure, ta bar manoman rani da tagumi. Mu a nan muka raɗa mata ebolar tumatir. Wannan suna bai kai mu ko'ina ba, domin manomin Sifen, inda ta ɓulla tun 2006, bai san shi ba, balle na Kudancin Amurka inda ta samo asali. Sunan da ya haɗa mu da su shi ne Tuta absoluta. Wanda ya riƙe wannan suna, ya sami hanyar duk binciken da aka yi a kanta. Wanda bai riƙe ba kuwa, sai abin da mai sayar da maganin feshi ya ga dama ya gaya masa.

To, a nan ne amfanin mutuwar take. Harshe mai rai kullum cikin sauyawa yake. Ciyawar da wani gari ke ce wa wuta-wuta, wani ƙuduji yake ce mata. Latin ya daina motsi, kuma ba na kowace ƙasa ba ne, shi ya sa tun 1753 Linnaeus ya ɗora sunayen tsirrai a kansa. Dalziel ma a 1916 sunayenmu na Hausa ya jera gefe da gefe da na Latin.

Mu da muka ga almajirai suna haddace Alfiyyar Ibn Malik a zaure, bai kamata a tsorata mu da tsohon harshe ba.

Sai dai fa ba mu goyon bayan a mayar da shi darasi mai zaman kansa. Makarantar da ke neman malamin lissafi ido rufe, ina za ta samo na Latin? Abin da muke roƙo kaɗan ne: malamin aikin gona ya daina sa yara haddar Oryza sativa kamar aku. Ya gaya musu kalmar farko shinkafa ce, ta biyu kuma tana nufin wadda ake shukawa, sannan ya fita da su bakin kwata su gan ta a tsaye cikin ruwan Tiga.