Me Za Mu Ba Uwar Da Ta Ce Ba Ta Bukatar Komai?

Da zarar sanyin hunturu ya sauko kuma Kirsimeti ya gabato, akwai wata tambaya da takan shiga gidajenmu, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, Hausawa da Unguwa Uku: me za mu saya wa Mama a bana? Na yara ba shi da wuya, gama su da kansu sukan faɗa tun ba a tambaye su ba. Amma idan aka je wa mahaifiya da tambayar, amsarta guda ce kowace shekara: "Ni ba na bukatar komai, ku dai Allah ya yi muku albarka." Daga nan sai mu shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari muna kai da kawowa, har yamma ta yi ba mu tsai da shawara ba. Mai yiwuwa wani ya ga wannan ƙaramar magana ce, amma a ƙarƙashinta akwai babbar tambaya, watau mene ne uwa take binmu, kuma kyauta tana iya biyansa?

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin yake da wuya. Na fari shi ne kunya da kara. A tarbiyyar ƙasar Hausa ba a san uwa da roƙon 'ya'yanta ba. Wadda al'ada ta hana ta ko ambaton sunan ɗanta na fari, yaya za ta buɗe baki ta ce masa takalminta ya tsinke? Na biyu, ta saba da ajiye kanta a baya. Shekara da shekaru ita ce mai cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi, har ya zama ba ta ƙara tambayar kanta abin da ranta yake so. Na uku kuwa ya shafe mu ne kai tsaye: mun girma, aiki ya ɗauke mu, mun san Mamar da ta goye mu amma ba mu san dattijuwar da ta zama a yau ba. Sau da yawa idan muka ce Mama tana da wuyar saya wa kaya, ainihin maganar ita ce mun daɗe ba mu zauna da ita ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. A shekarar 1925 wani masani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya nuna cewa a cikin al'ummai da yawa kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a kuma rama. Matanmu ba su bukaci littafi kafin su san haka ba. Wadda aka yi wa gudunmawa a bikin 'yarta takan riƙe lissafi a ranta, domin ranar bikin ƙawarta ta mayar, har da ƙari. Tsakanin ƙawaye da abokai ma'aunin yana iya daidaita. Amma tsakanin ɗa da uwa ba ya daidaita har abada. Aristotal, masanin Girka, ya lura cewa babu mai iya saka wa iyayensa daidai da abin da suka yi masa, sa'an nan Waliyi Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa bayan Allah, iyaye suna cikin waɗanda suka fi binmu bashi, tun da ta wurinsu muka sami rai da reno. To, idan muka shiga kasuwa da nufin neman abin da zai yi daidai da wata tara na ciki, da nono, da goyo, da dararen jinya, babu rumfar da za ta ishe mu. Kowane abu zai zama ƙarami a idonmu, kuma lalle ƙarami ne.

A nan hikimar kakanninmu take taimakonmu, da suka ce yaba kyauta tukuici. Ku dubi yadda tukuici yake. Idan babban mutum ya aiko maka da rago, ɗan abin da kake miƙa wa ɗan aike ba kuɗin ragon ba ne, kuma babu mai zaton haka. Alama ce cewa ka karɓa, ka gane darajar abin, ka kuma gode. Rai kyauta ce daga wurin Allah, uwa kuwa ita ce aka aiko da ita. Duk abin da muka ba ta tukuici ne. Wanda ya fahimci wannan zai sami sauƙi a zuciyarsa, gama ya daina neman biyan abin da ba ya biyuwa, ya koma neman abin da zai nuna godiya.

Wani zai ce, tun da haka ne, me ya sa ba za a tura mata kuɗi kawai ta sayi abin da take so ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kada mu raina ta. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai game da kyautai da suka samu lokacin Kirsimeti, ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin ɗari da kashi ɗaya bisa uku na darajar kuɗin da aka kashe yakan tafi a banza, domin mai saye bai san abin da mai karɓa yake so ba. Mu kuma a nan mun san yadda rayuwa ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan hali ɓarnar ko da naira ɗaya abin dubawa ne. Sai dai mun san inda kuɗin Mama yakan tafi. Kafin rana ta faɗi ya shiga tukunya, ko kuɗin makarantar jika, ko hannun ƙanin da ba shi da aiki. Kuɗi yana biyan bukata, amma ba ya gaya wa mai karɓa cewa an yi tunaninsa shi kansa. Saƙon banki da yake shigowa waya iri ɗaya ne, ko daga ɗa ya fito ko daga mai biyan bashi.

Wannan ya kawo mu ga wani bambanci da ya kamata kowane Kirista ya riƙe, watau bambancin haƙƙi da kyauta. Abincin uwa, da maganinta, da kuɗin hayar ɗakinta idan ƙarfinta ya ƙare, haƙƙinta ne a kanmu. Doka ta huɗu ta umarce mu da girmama iyaye, Littafin Sirak sura 3 ya faɗaɗa wannan har zuwa lokacin da hankalinsu ya raunana, Katakizim na Ikilisiyar Katolika kuma, a lamba 2218, ya tuna wa 'ya'yan da suka girma cewa su tallafi iyaye da dukiya da kuma ƙarfafawa a lokacin tsufa, ciwo da kaɗaici. A Bisharar Markus sura 7 Ubangijinmu ya tsauta wa waɗanda suke keɓe dukiyarsu da sunan baiko ga Allah domin su kauce wa taimakon iyaye. Idan baiko ga Allah bai ɗauke wannan nauyi ba, turmin atamfa sau ɗaya a shekara ba zai ɗauke shi ba. Uwar da take fama da hawan jini tana bukatar maganinta wata goma sha biyu, tana kuma bukatar mai raka ta ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yake nan kusa da mu a kan titin Zariya. Wanda ya yi watsi da wannan duk shekara, sa'an nan ya zo ran 25 ga Disamba da buhun shinkafa yana jiran yabo, ya naɗe bashi ne a cikin takardar kyauta.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Wani yakan ci bashi ya sayi atamfar Holan, irin wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, domin a gani a coci a ce ɗan wance ya yi ƙoƙari. Wani yakan shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo babbar waya wadda tsohuwa ba ta iya ko amsa kira da ita, alhali ƙaramar mai maɓallai da ta saba da ita batir kawai take so. A wasu gidaje abin yakan zama gasa tsakanin 'yan'uwa, mai hali ya kunyata marar hali a gaban mahaifiyarsu, ita kuwa ta kwana da baƙin ciki a daren da ya kamata ta yi murna. Mu tambayi kanmu da gaskiya: wa wannan kyauta take ɗaukakawa, Mama ko mu? Ubangiji da ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, gwauruwa mai 'yan tsabobi biyu ya yaba, domin ma'auninsa zuciyar mai bayarwa ce.

To, me za mu yi? Mu fara da ido da kunne kafin aljihu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya zauna da Mama yini ɗaya zai ga tana nisanta littafin addu'a daga idonta, ya gane tabarau take bukata. Zai ga bargonta ya tsufa ga hunturu ya kama, ko ƙafafunta sun yi kaushi, ko carbin Rosari ɗinta ya tsinke ta ɗaure da zare. Zai ji ta ambaci 'yar'uwarta da take ƙauye sau uku cikin hira ɗaya, ya gane cewa kuɗin mota daga tashar Unguwa Uku, da ɗan rakiya, sun fi mata kowane leshi. Abin da kunya ta hana ta gaya mana, sau da yawa ta gaya wa ƙanwarta ko abokiyarta ta Zumuntar Mata. Mu je mu tambaye su.

Tarihin Ikilisiya ya ba mu misali mai kyau. Waliyiya Monika, mahaifiyar Waliyi Agustin, 'yar garin Tagaste ce a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, kuma ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta. Da ciwon ajali ya kama ta a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya nuna damuwa cewa za ta mutu a baƙuwar ƙasa, yana zaton komawa gida shi ne babban burinta. Ita kuwa ta nuna musu cewa wurin binnewa bai dame ta ba, abin da ta roƙa kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Ɗan ya san burinta na dā, bai san ya sāke ba. Haka iyayenmu mata suke: abin da suke so a shekara saba'in ba shi ne na shekara arba'in ba.

Idan kuma muka ba ta, ta juya ta ba wani fa? Wannan yakan ɓata wa da yawa rai, har wasu sukan kai atamfar wurin tela a ɗinka daidai jikinta domin kada ta bayar. Dabara ce, ba laifi. Amma mu tuna cewa abin da aka bayar ya bar hannun mai bayarwa, kuma kyautar da aka ɗaura wa igiya aro ce. Matar da ta yi rayuwarta tana bayarwa, babban zafin tsufa a gare ta shi ne zama mai karɓa kullum. Sa'ad da ta ɗauki zanen da muka kawo ta ba marainiyar maƙwabta, mun mayar mata da matsayinta na uwa mai abin hannu. Mai hali ya sayi biyu, ya ce, "Mama, wannan naki ne, wannan kuma ki ba wanda kika ga dama."

A ƙarshe, zumunta a ƙafa take. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta farko ga Ikilisiya a 2005, ya koyar cewa domin kada kyauta ta ƙasƙantar da mai karɓa, dole mai bayarwa ya ba da kansa tare da abin hannunsa. Wannan shi ne ma'anar Kirsimeti, gama Allah da kansa ya zo. Saboda haka kowace irin kyauta muka zaɓa, mu kai ta da ƙafarmu idan da hali, mu zauna, mu ci tuwonta, mu saurari labarin da muka riga muka ji sau goma. Wanda mahaifiyarsa take bin wani addini, haƙƙinta bai ragu ba, ya tuna da ita a ranar bikinta kamar yadda yake tunawa a nasa. Wanda yake da ɓacin rai tsakaninsa da mahaifiyarsa, sallamar da zai yi a ƙofar ɗakinta ita ce kyautar bana. Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, ya roƙa a yi mata Misa kamar yadda Monika ta nema, sa'an nan ya duba cikin coci, akwai tsofaffin da babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Yesu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa.

Bari Uwa Maryamu, wadda ta haifa mana Mai Ceto, ta yi roƙo domin iyayenmu mata, Allah kuma ya ba mu idon ganin bukatarsu tun suna tare da mu. Amin.