Ragowar Tuwon Jumma'a

Kowace Jumma'ar Azumi Ikilisiya tana umurtarmu mu bar nama. A garuruwa irin su Tsaskiya wannan ba wuya, gama wake da miyar kuka ne cimarmu tun kakanni. Inda muke tuntuɓe shi ne ragowa. Gidan mutum uku ya ɗora tukunyar mutum goma, da safe a zuba wa awaki. Alhali da Ubangijinmu ya ciyar da mutum 5,000, sai da ya sa almajirai suka tattara gutsattsarin, har kwando 12 (Yohanna 6).

Mai firji ya daskarar da wakensa, in wuta ta yarda. Mu saura mu yi ɗumame, mu shanya ƙanzo, mu kai wa iyalan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Batsari da Safana tun 2019.