Lakwal ta wa ce?

A karkarar Damagaram, daga Zermu har Mirriya, tsangaya ba ta roƙon kowa ya kula da ita. Mutanen gari ke kafa rumfarta, su ciyar da almajiranta, domin tasu ce. Lakwal kuwa ta iso ne bayan Faransawa sun ci Zinder a 1899, kuma da ƙarfin sarauta aka riƙa ɗibar mata yara. Shi ya sa har yau wasu ke kallon ta kamar baƙuwar gwamnati.

Kwamitocin COGES da aka kafa a shekarun 2000 sun nemi rage wannan baƙunta: iyaye su zaɓi wakilansu, su tsara aikin shekara, su san inda kuɗi ya tafi. Sai dai tambayar adalci tana nan. Idan rabon manomi bai wuce kawo karan aji da kuɗin gudummawa bayan girbi ba, to an ɗora masa nauyi ne, iko yana hannun wasu. Wanda ya kafa rumfa ya cancanci ya tambayi dalilin fashin malami, ya san ko ɗiyarsa ta iya karatu.

Nan harshe yake da amfani. A Zinder aka fara gwajin koyarwa da Hausa a 1973. Uwar da ke gane abin da ke cikin littafin ɗanta tana iya auna aikin lakwal da kanta, kuma abin da mutum ke iya aunawa shi yake tsarewa.