Hukuncin Bayar da Jini ga Majinyaci

Abin takaici ne mace ta zubar da jini wurin haihuwa, likita ya nemi a ƙara mata, amma miji da danginsa su sulale. Waɗansu kan fake da cewa jini haramun ne. Lalle aya ta 3 cikin Suratul Ma'ida ta haramta cinsa, amma ita ce kuma ta yi rangwame ga wanda lalura ta matsa wa. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, abin da akan ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba, kuma yakan dawo cikin 'yan makonni. Amma masu tsoron kada matar ta haramta ga mijin da ya ba ta jininsa, to, malamai sun bayyana cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa.